Shekarar da Na San Gero

Na kai shekara goma sha biyar a duniya ban taɓa riƙe zangarniyar gero a hannuna ba. Kunu na sha, fura na sha, tuwo na ci har na ƙoshi, amma a iya sanina gero wani abu ne da ake aunowa da kwano a kasuwar Rimi, a kawo wa Umma ta ba da surfe. A cikin ganuwa aka haife ni, a wani lungu da ke bayan Mandawari, inda in ka ware hannuwa sai ka taɓa katangar gida biyu. Dajin da na sani bai wuce gidan zu na Audu Baƙo ba, shi ma sai da sallah.

Baba ne ya yanke hukuncin. Sau biyu yana dawowa daga Kantin Kwari ya hango ni a ƙofar gidan kallon ƙwallo ana kiran magariba. Bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Da sakamakon jarrabawar aji uku ya fito, sai kawai na ji yana ce wa Umma a tsakar gida, "Yaron nan birni zai cinye shi. Makarantar kwana za shi." Umma ba ta ce uffan ba. A turmi ta huce: kwana uku tana dakan yaji da ƙuli-ƙuli kamar wadda za ta sallami ɗanta zuwa yaƙi.

A watan Satumba na 2005 Yaya ya raka ni tashar Unguwa Uku. Aka ɗora akwatin ƙarfena a saman mota, aka ɗaure shi tare da katifa da bokiti da langalanga. Cikin akwatin, ban da farin yadi biyu da littattafai, duk kayan Umma ne: garin kwaki, sukari, ƙanzo, madarar gari, da kwalbar soyayyen man shanu da ta naɗe a tsohon ɗankwalinta. Muna barin gidajen ƙarshe sai gonaki suka buɗe hagu da dama. Wasu dawa ce a tsaye ta fi mutum tsawo, wasu kuma an kwantar da kara an tara dammuna. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni me ya sa aka sare wannan aka bar waccan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan wane gida ne a birni?" Amsar da na samu ke nan.

Ba zan ambaci sunan garin ba. Sakandare ɗaya tal gare shi, in na faɗi garin na faɗi makarantar, kuma cikin labarin akwai abin da ba yabo ba ne. Gari ne mai titin kwalta ɗaya, da masallacin Juma'a, da gidan hakimi, da asibitin sha-ka-tafi, da injin niƙa biyu, da kasuwa mai ci ranar Alhamis. Makarantar tana bayan gari, rabin kewayenta katanga, rabi ƙaya da aduwa.

A daren farko wani siniya ya haska min tocila a fuska.

"Kai, ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗan Kano."

Ya juya ya dubi sauran, ya ce, "Kun ji fa. Mu duk 'yan Legas ne."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Da na gyara na ce ɗan cikin birni nake nufi, sai na ƙara jiƙa wa kaina aiki. Daga daren nan sunana na yanka ya ɓace, na koma Ɗan Birni. Kafin gari ya waye man shanun Umma ya bi sunan.

Kowa ya yi makarantar kwana ya san sauran karatun. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ce rataye a reshen darbejiya, ana buga ta tun kafin assalatu. Sallah, shara, ɗiban ruwan siniya kafin naka, asambuli, aji. Da safe kunu ne mai ruwa-ruwa. Da rana wake da shinkafa, kuma waken ba ya zuwa shi kaɗai, da 'yan rakiyarsa masu fukafukai. Da dare gabza. Wanda bai san gabza ba, tuwo ne na masara da ba a tankaɗe ba, in ya huce ka jefi kare da shi sai ya yi kuka. Miyar kukar kuwa kana iya duba fuskarka a ciki. Satin farko na ƙi ci, na zauna da kwaki da ƙuli. Sati na uku ni ne nake roƙon mai rabo ya kankaro min na gindin tukunya.

Makarantar ta kwana ce, amma akwai 'yan jeka-ka-dawo, yaran garin da ƙauyukan kewaye. 'Yan gari muke ce musu, kuma ba da girmamawa muke faɗa ba. Suna zuwa da ƙura a ƙafa, wasu a keke, wasu a ƙasa, farin yadinsu ya koma ruwan ƙasa. Ɗaya daga cikinsu aka haɗa mu benci. Zan kira shi Ɗan Gari, don haka na yi ta kiransa har muka rabu, shi ma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ɗan Birni.

Abin da ya fara haɗa mu susa ce. Kullum yana aji yana sosa wuya da damtse, ni kuma ina ta matsawa gefe don na ɗauka ƙazwa ce. Da ya lura sai ya yi dariya ya ce ƙaiƙayi ne, jiya sun kwashe gero. Na ce mene ne haɗin gero da susa? Washegari ya zaro zangarniya daga jakarsa ya ajiye min a kan littafi. Na juya ta, na shinshina, na ce, "Wannan ce dawar?" Na baya suka ji, maganar ta zaga aji kafin malami ya shigo. Shi bai yi dariya ba wannan karon. Ya murza ta a tafin hannunsa, ya hure, tsaba ta rage. Ya ce wannan gero ne, shi ke fara nuna. Maiwa tana nan a gona sai gaba. Dawa ita ce ta ƙarshe, sai sanyi ya fara. Sannan ya ce, "Ka makara ne. Da watan jiya ka zo da ka ci tumu." Ya ce ɗanyen gero ne ake gasawa a wuta da zangarniyarsa a murje, kuma wanda bai ci tumu ba bai san daɗin gero ba.

Ciniki ya ƙullu tsakaninmu ba tare da an faɗa ba. Ni ina da littattafan da Baba ya sayo a Sabon Gari, shi ba shi da ko ɗaya. Yakan tafi da na lissafi ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin, a naɗe cikin leda don kada ya yi datti. Ni kuma ina samun gyaɗa, da rake, da dunƙulen fura. Ban daɗe ba na gane cewa littafin ya fi amfani a hannunsa. Malamin lissafinmu dogo ne mai tsohon babur, ba ya dariya sai in an ci gyara. Yakan ce mana gwamna ma, Malam Ibrahim Shekarau, lissafi ya koyar kafin ya riƙe makarantu har da Kwalejin Rumfa, don haka kada wanda ya raina alli. In ya rubuta tambaya a allo ya juyo, ba ya duban kowa sai ɓangarenmu, kuma na san ba ni yake duba ba.

Azumin shekarar a farkon Oktoba ya kama. Sahur a makaranta abin tausayi ne: a tashe ku cikin dare, ku yi layi da kwano a duhu, ku ci abin da ba kwa gani, wanda wataƙila rahama ce. Wata Asabar Ɗan Gari ya je da kansa wurin malamin da ke kula da ɗakinmu ya roƙa a bar ni in sha ruwa a gidansu. Aka ba ni takarda, da sharaɗin in dawo kafin a idar da asham.

Gidan ƙasa ne, da zaure, da rumbu biyu a tsakar gida, da awaki a ɗaure a turke. Na durƙusa na gaida mahaifiyarsa. Ta ce, "Sannu ɗan nan, sannu. Kai ne mai littafin? Ya mutanen birni? Ya Hajiyarka?" Ta ajiye mana kunun tsamiya da ƙosai, bayan sallah kuma fura da nonon da ba a tsinka da ruwa ba. Ina sha tana kallona tana cewa, "Wayyo, sun ramar da yaron mutane." Inna na kira ta tun daga ranar, yadda ɗanta ke kiranta.

Mahaifinsa a zaure ya karɓe ni. Bayan gaisuwa ya ce, "To malam ɗan birni, nawa kwanon gero a wurinku yanzu?" Na yi shiru. Ni da ko kuɗin cefane ban taɓa riƙewa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce daminar da ta wuce ba su taɓa ganin tsadar hatsi irinta ba. Shekarar ce aka yi yunwa a Nijar, har gidajen rediyo suna ta maganarta. Sannan ya warware min abin da har yau in na shiga kasuwa nake tunawa. Da kaka manomi ke sayarwa, lokacin da kowa ke da shi kuma ba shi da daraja, saboda bashin taki na jira, ga aure, ga suna, ga kayan sallar yara. 'Yan kasuwa su bi kasuwannin ƙauye su tara, a loda a mota zuwa Dawanau a zuba a sito. In damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, sai manomin nan ya koma kasuwa ya sayi geronsa da kuɗin da ya fi wanda ya sayar. Ya faɗa ne ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin yadda rana ke fitowa. Ni dai ina zaune ina tuna cewa wani aminin Baba da ke ba mu barka da sallah mai tsoka, sito uku gare shi a Dawanau.

Da hutun ƙaramar sallah na dawo gida na ga hawan Daushe, na ga Sarki Ado a ƙarƙashin laima, na ga sabuwar takardar naira dubu da aka fitar a watan Oktoba a hannun Baba. Da na koma ina ba da labarin dawakai, Ɗan Gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni buhu nawa na dawa dokin sarki ɗaya ke ci a wata. Haka kansa yake aiki.

Bayan sallah kaka ta kankama, garin ya canza. Kuɗi ya shigo hannun mutane, bukukuwa suka yawaita, ranar Alhamis kasuwa har bakin titi. Da dare muna kwance muna jiyo kalangu daga filin bayan mahauta, ana dambe. Sati biyu ina daurewa. A na uku mu huɗu muka bi ta wata kafa a cikin ƙaya bayan an kashe fitila. Na ga abin da ban taɓa gani ba a gidan kallo: ƙato ya naɗe hannu da zare, makaɗi yana zuga shi da sunan kakanninsa har jikinsa na tsuma, aka shiga, bugu ɗaya abokin karawarsa ya kai hannu ƙasa, fili ya kaure. A hanyar dawowa muka tarar da Baba mai gadi zaune a bakin kafar, da tocila da sanda a cinya. Ashe ya fi mu sanin hanyar. Bai tashi ba ma. Ya ce, "Sannunku da dawowa, 'yan samari. Wa ya yi kisa?"

Washegari a asambuli aka fito da mu. Bulala shida-shida, tsallen kwaɗo daga ofis zuwa ɗakin cin abinci, sannan aka auna wa kowa fili ya share da langalanga. Hannuna ya yi ƙulli ya fashe tun ban ci rabi ba. Da aka tashi, Ɗan Gari ya ajiye jakarsa, ya karɓi langalangar, ya duba bakinta, ya ce wannan ko kabewa ba za ta yanka ba. Ya wasa ta a dutse, ya nuna min yadda ake sakin kafaɗa a bar ƙarfe ya yi aikin. Bai yi min ba, ya dai tsaya har na gama.

Da za a yi hutun Disamba ya ba ni saƙo. Yayansa ya tafi ci-rani Kano tun da aka gama girbi, yana tura kurar ruwa a wajen Fagge. Inna ta ƙulla masa kuka da daddawa da 'yar takarda. Kwana biyu ina nema kafin in same shi a bakin wata rijiyar burtsatse, yana jera jarkoki. Ya goge hannu a riga kafin ya miƙo min. Ya nuna min inda suke kwana, barandar wani shago, su bakwai, duk 'yan gari ɗaya. Ya ce da zarar hadari ya fara haɗuwa za su koma, kuɗin taki suke tarawa. A lungunmu ma akwai mai kawo mana ruwa tun ina firamare. "Kai mai ruwa" nake ce masa. Ranar da na dawo daga Fagge na tambaye shi garinsu, ya tsaya da jarka a hannu yana dubana, don ya ɗauka wani laifi ya yi.

Zango na biyu na hunturu ne. Sanyin birni wasa ne, gidaje sun tare shi. A can iska daga gona take tasowa kai tsaye ta shigo ta tagogin da ba gilashi. Wanka ya zama na masu ƙarfin hali. Yawancinmu fuska da ƙafa muke wankewa, mu shafa basilin, mu fito muna ƙyalli. Ƙafafu suka yi faso, leɓe ya tsage. Da asuba mukan saci kara daga gonar da ke jikin makaranta mu hura wuta a bayan ɗaki, kowa ya miƙa hannu.

Wani siniya yana da 'yar rediyo, ita ce tagarmu. Da ita muka ji faɗuwar jirgin Sosoliso a Fatakwal ranar 10 ga Disamba, kafin hutu, da ɗalibai sittin na wata makarantar kwana ta Abuja a ciki, suna hanyar gida. Daren nan ba siniyan da ya aiki ƙaramin ɗalibi ko'ina. Da ita muka ji Drogba ya fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Masar. Da ita kuma muka ji murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairu, har ta iso gonakin Kano. Kaji suka faɗi warwas a kasuwar Alhamis, ba mai saye. Mu kuwa da gabza ta gama da mu, yunwa ta fi mura ban tsoro. Muka yi karo-karo mu shida, mai tsire ya gasa mana biyu. Ban ce dabara ce ba. Allah ne dai ya tsare.

Sai bazara. Injin rijiyar makaranta ya lalace, gyara ya ƙi zuwa, muka koma rijiyoyin gari da guga. In ka ga layin fararen riguna da bokitai a ka da la'asar, mu ne. Matan garin su ja tsaki, su kuma matsa mana. A nan na koyi jan guga ba tare da igiya ta ci min tafi ba. Ɗaki ya gagari kwana, muka fito da katifu fili, ana kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Umma ta aiko Yaya takanas ya gaya min kada in kwana a cunkoso. Tun annobar sanƙarau ta 1996 zafi bai taɓa zuwa ba ta ambace ta ba.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ita ce ranar da na fi tunawa a shekarar. Sati guda kafin nan an yi ƙidayar jama'a, tawadar ma ba ta gama fita daga babban yatsana ba. Rediyo ta yi ta sanarwa cewa za a yi kusufin rana, kada a kalle ta da ido. Mai koya mana labarin ƙasa ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Hausarsa ba ta wuce "ba hayaniya" da "ina kwana" ba. Da hantsi ya fito da mu waje. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya kuma huda kwali da allura ya nuna mana yadda ake ganin surar rana a ƙasa.

Haske ya fara canzawa. Ba irin na hadari ba ne, ba irin na magariba ba, wani fari-fari ne mara ƙarfi kamar rana ta yi rashin lafiya. Zafin ya sauka, iska mai sanyi ta taso. Daga cikin gari muna jiyo zakaru suna cara, da kabbara daga masallaci. A wurinmu ba ta rufe duka ba, saura ƙiris kamar yankan farce; mutanen Gusau da Katsina su ne suka ga ta rufe ruf. Ɗan Gari ne ya taɓa ni ya nuna ƙasa. A gindin darbejiyar da ƙararrawa take, duk 'yan ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye sun koma jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan ƙasa, a kan rigunanmu, a bayan hannuna. Malamin ma bai lura ba sai da muka kira shi.

Ya ɗauki lemo da ƙwallo ya nuna mana wata ne ya shiga tsakanin rana da duniya. Ɗan Gari ya yi shiru, sannan ya ɗaga hannu, ya haɗa Turancinsa da ƙyar. Abin da yake tambaya shi ne: ashe ke nan rana ba za ta taɓa kamuwa ba sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ɓuya? Don yau Safar ke ƙarewa. Malamin ya tsaya da lemo a hannu. Bai san Safar ba, amma ya gane tambayar, ya ce haka ne, haka ne daidai. Ni da littafin yake akwatina tun Satumba, abin bai taɓa zo min ba. Daga nan malamin addini ya tara mu a masallaci muka yi sallar kusufi, raka'a biyu kowace da ruku'u biyu, doguwar da sai da gwiwoyina suka yi rawa. Muna fitowa rana ta koma yadda take, har da ramuwa.

Zango na uku ya zo da hayaniya. 'Yan aji shida suka shiga jarrabawar WAEC, suka daina kula mu, 'yan aji biyar suka karɓi bulala da zumuɗin sabon shiga. Ranar Talata 16 ga Mayu majalisar dattawa ta binne tazarcen Obasanjo, malamai suna ta musabaha a gaban ofis. Washegari Laraba Barcelona ta ci Arsenal biyu da ɗaya a Faris, siniyan da ya cinye min man shanu ya kwana yana kuka. Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Amma abin da garin ke jira daban ne. Tun watan Afrilu jakuna ke wucewa ta bayan katanga da mangalar taki. An yi sharar gona, an ƙone. Kowa ka gani idonsa na gabas. 'Yan ci-rani suka fara dawowa da katifu a saman mota, har da yayan abokina. Wasu ma sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ikon Allah. Daren da ruwan shuka ya sauka, mun fito tsakar fili muna ihu a cikinsa, ƙamshin ƙasa har cikin maƙogwaro. Da safe na shiga aji na tarar da kusan rabinsa ba kowa. Duk 'yan gari suna gona.

Kwana uku benci nawa ne ni kaɗai. Malamin lissafi ya shigo, ya dubi gurbin, ya rubuta tambaya a allo, ya juyo, ya rasa wanda zai duba. Wani cikinmu ya ce ai ya kamata a hukunta su. Malam ya ce, "Kai, gabzar da kake ci daga sama take faɗowa?" Ranar Asabar na nemi izini na bi Ɗan Gari gona. Yayansa na gaba da sungumi yana sara, mu muna biye, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami a rufe da diddige. Nawa ramin ko dai in zuba da yawa ko in taka da ƙarfi. Babansu ya biyo layina yana gyarawa bai ce komai ba, sai da muka kai ƙarshe ya ce, "To, wannan layin naka ne. In ya ƙi fitowa mun san mai laifi."

Daga nan zuwansa aji ya zama yau ya zo gobe bai zo ba. Bayan shuka ga noman firi, bayansa ga maimai, kuma ciyawa ba ta san jadawalin jarrabawa ba. Yakan iso bayan an yi darasi biyu, da laka a ƙafa, ya zauna ya yi ta gyangyaɗi. Ni nake kwafa masa abin da ya wuce, karo na farko da na ji ina biyan wani abu daga bashin gyaɗa da fura. Ana gasar kofin duniya a Jamus, Najeriya ba ta je ba, kowa ya koma ɗan Ghana, ni kuwa da aka kawo ni nan saboda ƙwallo wasa biyu kacal na gani. A jarrabawar ƙarshen shekara na zo na tara, matsayin da ban taɓa kaiwa ba a birni. Shi ya zo na huɗu. A lissafi ba wanda ya kamo ƙafarsa, da gyangyaɗin da komai.

Ranar da aka ba da hutu, a ƙarshen Yuli, ya ɗauko min akwati a kan kekensa har tasha. Muka bi ta gefen gonarsu. Geron ya wuce ƙuguna, kore shar, iska na kaɗa shi. Ya nuna min layina. Ya fito, sai dai akwai giɓi biyu-uku kamar bakin tsoho. Na ce to tumun fa? Ya ce sai watan gobe, ko ka manta? Lokacin kana birni, in ka dawo kuma an girbe. Inna ta aiko min da ƙullin gyaɗa da ƙwan zabi shida a cikin gwangwani da ƙaiƙayi don kada su fashe, ta ce in kai wa Hajiyata.

Na iso gida bayan la'asar. Umma ta dube ni, ta ce na yi baƙi, na yi tsawo, wuyana kamar na zalɓe. Tana zaune da kwarya a gabanta tana tsince hatsin kunu. Na tsuguna na gaishe ta, hannuna ya kai cikin kwaryar da kansa. Na ɗebo, na murza, na duba, na ce, "Umma, nawa aka auno miki kwanon? Wannan ai ya kwana biyu a sito, ji yadda ƙwari suka fara huda shi."

Ta saki baki. Ta ɗaga murya ta kira Baba daga ɗaki: "Alhaji, fito ka ga ɗan ƙauyen da aka dawo mana da shi."

Baba ya leƙo, ya dube ni, ya dubi kwaryar, ya koma ciki. Ina jin dariyarsa ta labule.

Shekara biyu na ƙara a makarantar, kuma kowace shekara hutu na kamawa kafin gero ya nuna. Tumun gonarsu har yau ban ci ba.